Kifin da Ya Ƙi Fitowa daga Rami: Amsoshin Wasiƙunku

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan sun zo kamar an haɗa baki: kusan kowa kukansa ɗaya, ya sayi kifi da tsada, kifin ya shige dutse ya ƙi fitowa. Dukkansu na masu tankin ruwan gishiri ne, saboda haka masu kiwon tarwaɗa da karfasa ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba. Na rage tsawon wasiƙun don fili ya ishe mu.

Malam, barka da aiki. Ina da tanki mai cin lita 200 a falona. A ciki akwai damsel baƙi mai ɗigon fari guda ɗaya, damsel shuɗi biyu, da kilawun ja mai duhu wadda ta shekara a wurina. Makonni uku da suka wuce na sayi fayafish. A shago yana tsaye a tsakiyar ruwa abin sha'awa, amma tun da na kawo shi gida sai dai in hango kansa a bakin rami. Na auna ruwa, lafiya lau. Mai shagon ya ce halinsa ne, kunya gare shi, in ƙara haƙuri. Akwai wani abinci ko magani da zai sa ya riƙa fitowa? — Ma'aikacin banki, Gwarinpa, Abuja

Alhaji, mai shagon bai yi maka ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa. Kai da kanka ka ce a shago kifin yana tsaye a tsakiyar ruwa. Kifin dai shi ne, bai canja hali a cikin leda tsakanin shago da Gwarinpa ba. Maƙwabta ya canja.

Fayafish, wanda a littafi ake kira Nemateleotris magnifica, ɗan ƙaramin kifi ne da bai cika wuce santimita 8 ba. Gabansa fari, bayansa ja kamar garwashi, da wani dogon tsinke a gadon baya da yake ɗagawa yana saukewa. A tekun Indiya da na Fasifik yana tsayawa ne ɗan nesa kaɗan da ƙasa, ya fuskanci inda ruwa ke tahowa, yana caɓe ƙananan halittun da igiya ta kawo. Ba shi da dafi, ba shi da haƙorin faɗa. Duk abin da ya mallaka na kare kai shi ne rami a kusa da saurin faɗawa ciki. Idan aka kawo shi sabon wuri ya ɓuya kwana biyu ko uku, wannan ba abin damuwa ba ne. Amma makonni uku, to akwai wanda ya tsare masa ƙofa.

Kuma ba sai an yi duba ba, ka lissafo mini masu laifin da bakinka. Wannan baƙin mai ɗigon fari, Dascyllus trimaculatus, yana da kyau yana ƙarami, shi ya sa yake shiga ran mutane a shago. Bari ya girma. Yana haura santimita 10, ɗigon ya dishe, baƙin ya koma toka-toka, sai zafin rai ya rage. Damsel dangi ne masu kare fili. Wasu daga cikinsu a teku har gonar gansakuka suke nomawa a kan dutse, kuma in mai ninƙaya ya matso sai su cije shi duk girmansa. Ita kuma kilawun ɗinka ja mai duhu, a duk dangin kilawun babu mai faɗanta. Macen takan kai santimita 15 ko fiye, kuma na tabbata ta taɓa kai wa hannunka cizo lokacin da kake goge gilashi. Tanki mai lita 200 tsawonsa yawanci wajen mita ɗaya ne. A idon waɗannan huɗun, tun daga wannan bango har wancan nasu ne, sun riga sun raba, babu inda ya rage wa baƙo.

Na san abin da za ka ce: ai ban taɓa ganin sun kore shi ba. Ba za ka gani ba, domin da zarar ka matso gilashi kowa ya bar abin da yake yi ya zo jiran abinci. Ka kashe fitilar falo, ka bar ta tanki, ka jingina wayarka a kan kujera tana ɗaukar bidiyo, ka fita ka ba su rabin awa. Idan ka dawo ka kalla, kada ka tsaya neman cizo. Ka lura da lokacin da fayafish ya zuro kai: za ka ga damsel ya juyo kawai ya fuskanci ramin, ya ɗan buɗe fikafikai, ko ya yi wani ɗan zabura na taƙi ɗaya ya tsaya. Shi ke nan, kan ya koma ciki. In ana yi masa haka daga safe har dare, yaushe zai ci abinci?

Abin da nake ji masa tsoro uku ne, kuma na ukun ya fi zuwa da wuri. Yunwa tana nan, ka duba cikinsa in ya fito, idan ya lotsa to lokaci ya fara ƙurewa. Sannan kifin da ke cikin fargaba kullum, sinadarin kotisol yana yawa a jininsa, garkuwar jiki ta yi rauni, cutar farin ɗigo ta samu ƙofa. Ga zafin Abuja na watan Maris da Afrilu: ruwan tanki ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, idan ya haura iskar shaƙa takan ragu a cikinsa, in kuma aka ɗauke wuta famfo ya tsaya, wanda ya riga ya galabaita shi ke fara tafiya. Na ukun shi ne tsalle. Fayafish idan aka firgita shi nesa da raminsa sama yake harbawa, da safe a tsince shi a bushe a bayan kabad. In tankinka ba shi da murfi, yau ɗin nan ka sa masa raga mai ƙananan ido, kafin ma ka gama karanta mujallar.

Babu abinci ko magani da zai warware wannan. Abin da za ka iya yi na wucin gadi shi ne ka zuba wa sauran abinci a can ƙarshen tanki, su tafi wawaso, kai kuma ka sa sirinji mai dogon bututu ka fesa masa daskararren misis, wato ƙananan jatan lande, da ka narkar daidai bakin raminsa. Wasu za su ce ka sauya wa duwatsu zama don iyakokin su rikice. Yana aiki wani lokaci, amma da damsel mako ɗaya ya isa su sake rabon fili. Ra'ayina, ka fitar da damsel ɗin duka uku ka mayar shago, ko kyauta ne. Kama su aiki ne, ba za ka same su da koma a cikin duwatsu ba. Ko dai ka yanke wuyan gorar roba ka juya shi ciki ka sa abinci ta zama tarko, ko ka rage ruwa ka kwashe duwatsun cikin bokiti ka kama su a fili. Bayan sun tafi ka sake ɗaukar bidiyo. Idan kilawun ta gaji aikinsu, to sai ka zaɓi ɗaya tsakaninta da fayafish.

Ga masu shirin kafa tanki: ana sayar muku da damsel da farko ne saboda yana da araha kuma yana jure sabon ruwa. Araha ba ta ado. Yanzu ana iya nunar da tanki, wato a shirya ruwansa har ya iya riƙe kifi, da ƙwayoyin bakteriya na kwalba ba tare da an jefa kifi ko ɗaya ba. Idan ruwa ya nuna, mai tsoro shi ke fara shiga ya kama raminsa, mai faɗa ya zo a ƙarshe.

Malam, ina gaisuwa. Ni tankina lita 300 ne, kuma don gudun faɗa kifi ɗaya tal na sa, giramma mai rabi shunayya rabi rawaya, sai dodon koɗi da jatan lande mai share jikin kifi. Ba wanda ke damunsa, amma yini yake a kogo, wani lokaci ma in gan shi a kife, ciki sama. Ba shi da lafiya ne? — Hajiya, Jidda

Hajiya, lafiyarsa ƙalau. Giramma, wato Gramma loreto, ɗan tekun Karibiyan ne, mazaunin kogo da ƙarƙashin duwatsu masu rumfa. Al'adarsa ce ya juya cikinsa ga duk dutsen da ya fi kusa da shi. Idan dutsen yana samansa, sai ya kife. Da kin gan shi a kife a tsakiyar ruwa yana tangaɗi, wannan ne ciwo.

Matsalarki kishiyar ta Alhajin Abuja ce. Shi maƙwabta sun yi masa yawa, ke kuma babu ko ɗaya. Ki ɗauka kin sauka baƙuwa a wani gari, kin leƙo da hantsi kin ga kasuwa wayam, ba mai tebur, ba mai tura baro, ba yaro ko ɗaya a titi. Ba wanda ya ce miki komai, amma za ki koma ciki ki sa sakata. Haka ƙaramin kifi yake karanta ruwa. Idan ya ga wasu suna kai da kawowa a fili suna cin abinci, ya san babu babba a kusa. Idan fili ya zama fayau, a wurinsa alama ce kowa ya gudu.

Masana sun daɗe da sanin wannan. George Barlow, wani masanin halayyar kifi a Amurka, ya yi rubutu tun a ƙarshen shekarun 1960 a kan dabarar sa wa kifi mai tsoro wasu ƙananan kifaye masu yawo don hankalinsa ya kwanta. A 2017 kuma Michael Gil da Andrew Hein sun fitar da sakamakon kyamarorin da suka kafa a murjanin tsibirin Mo'orea da ke tekun Fasifik, inda suka ga kifaye sun fi shiga buɗaɗɗen wuri mai haɗari su yi kiwo, su kuma daɗe a can, idan akwai wasu kifayen a wurin.

To wa za ki kawo masa? Ni zan ce kilawun biyu ƙanana, irin ruwan lemo mai farin ɗamara uku, Amphiprion ocellaris, waɗanda aka ƙyanƙyashe a gona. Ba su san tsoron mutum ba, yini suke suna rausaya a gaban gilashi, kuma faɗansu bai kai na jar 'yar'uwarsu ba. Mutane da yawa za su ce ki sayi kuromis kore guda biyar ko bakwai. Suna da kyau, suna cika sama da motsi, amma ki sani a tanki sukan riƙa tsangwamar mafi ƙanƙanta a cikinsu har ya mutu, su koma kan na gaba, a wayi gari saura ɗaya ko biyu. Kadinal na tsibiran Banggai a Indunusiya ma yana da sanyin hali, yana tsayawa cak a fili. In za ki saya ki nemi na gona, domin tun 2007 aka sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma kamun da ake yi don tankuna na daga cikin dalilan.

Ki ƙara masa koguna, kada ki rage. Mutane sukan cire dutse wai don kifi ya rasa wurin ɓuya a riƙa ganinsa. Akasin haka ke faruwa. Kifin da ya san akwai rami a kowane taƙi ya fi sakin jiki ya yi nisa.

Gargaɗi ɗaya tunda a Jidda kike, inda kifayen Bahar Maliya ke cika shaguna. Akwai wani siririn kifi shunayya, Pseudochromis fridmani, wanda a wannan tekun kaɗai ake samunsa. Yana da kyau ƙwarai, kuma a danginsa shi ne mai dama-dama. Amma kada ki haɗa shi da giramma: launinsu ya yi kama, girmansu ɗaya, kogo ɗaya suke so. Kifaye sun fi tsanar wanda ya yi kama da su. Idan kika ga giramma ya wage baki iya ƙarfinsa yana fuskantar wani kifi, ba hamma yake yi ba, kashedi ne.

Baba, kifina mandarin ba wanda ke korarsa, yana yawo a kan duwatsu yadda ya saba, amma kullum ramewa yake. Abokan zamansa kilawun biyu ne da kifin ras mai layi shida. Tankin wata huɗu da kafawa. — Ɗalibi, Kaduna

Ɗana, ba kowace cuta ce ake yi da haƙori ba. Mandarin ba shi da ɓawo a jiki, sai wata majina mai ɗaci da wari, shi ya sa ba a cika cizonsa ba. Abincinsa ƙananan ƙwarin ruwa ne masu rai, kofifod, waɗanda da ƙyar ido ke gani a jikin dutse. Yana tafiya a hankali, ya tsaya, ya duba, ya tsinci ɗaya, haka zai yi ta yi har dare. Shi kuma ras mai layi shida irin abincin yake farauta, ga sauri, ga shiga kowane lungu. Kafin mandarin ya gama duba dutse ɗaya, ras ya share uku, sannan ya zo ya ci abincin da ka zuba, wanda mandarin ko kallo ba ya yi.

Ga tankin naka ɗanye. Wata huɗu bai isa ƙwarin su yi yawan da za su riƙe mandarin ba ko da shi kaɗai ne. Ka dube shi daga gefe: idan cikin ya shige, kuma wani layi ya fito a tsawon jikinsa, yunwa ta ci nisa. Ka fitar da ras ɗin, wanda dama in ya girma shi ma fitinanne ne ga duk wani kifi mai sanyi. Ka nemi kofifod masu rai ka riƙa zubawa bayan an kashe fitila. In ba za ka samu ba a Kaduna, ka ba wanda ke da tsohon tanki mai yawan dutse riƙon mandarin ɗin tun yana da sauran ƙarfi.

Malam, na sayi gobi rawaya mai ɗigon shuɗi a fuska, ya shige ƙarƙashin dutse. An ce in sa masa jatan lande mai bindiga zai riƙa fitowa. Wani kuma ya ce wannan jatan landen yana kashe kifi har ya fasa gilashi. Wa zan bi? — Ɗan kasuwa, Agege, Legas

Alhaji, bi na farko. Na biyun ya haɗa halittu biyu ne. Mai kashe kifi da fasa ƙoƙon dodon koɗi shi ne mantis, wani dabam, wanda kan ɓoyo a cikin dutse ya shigo tanki ba a sani ba. Wanda ake haɗawa da gobi ɗan dangin Alpheus ne, kamar Alpheus bellulus mai zanen damisa ko Alpheus randalli mai ja da fari.

A duk abin da ake kallo a tankin ruwan gishiri, ni dai ban ga wanda ya kai wannan zama daɗin kallo ba. Jatan landen ba ya gani sosai, amma gwanin haƙa ne. Gobin, Cryptocentrus cinctus, ba ya haƙa kirki, amma ga manyan idanu a saman kai. Sai su zauna rami ɗaya. Gobi ya kwanta a bakin ƙofa ya dogara da fikafikan ƙirji, baki a turɓune. Jatan lande ya fito da yashi cike da hannuwa yana turawa, ya zubar, ya koma, ya ɗauko ɓallin murjani ya tokare bakin ramin. Duk wannan kai da kawowar, gashin bakinsa ɗaya mai tsawo yana kan jikin gobi, ba ya ɗagawa. Da wani abu ya gifta, gobi zai karkaɗa wutsiya, jatan lande ya koma ciki da baya. In abin ya matso, gobin ma ya bi shi. Da yamma sukan toshe ƙofar, da safe a sake buɗewa.

Ƙarar da za ka riƙa ji, ƙas, kamar an fasa ƙaramin abu, daga babban hannunsa take. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Twente ta ƙasar Holan suka nuna da kyamara mai saurin ɗauka cewa ba haɗuwar yatsun ce ke ƙarar ba. Rufe hannun da sauri yana harba ruwa, kumfa ta fito, fashewar kumfar ita ce ƙarar. Gilashinka ba abin da zai same shi.

Sai dai kada ka sa rai gobin zai koma yawo a tsakiyar ruwa, ba halinsa ba ne. Abin da za ka samu shi ne kifin da ke zaune a waje a bakin ƙofarsa yini guda maimakon ƙarƙashin dutse. Kafin ka kawo jatan landen, ka tabbata duwatsunka a kan gilashin ƙasa suke zaune, ba a kan yashi ba, domin zai haƙe ƙarƙashinsu su rufta. Yashin ya kai zurfin santimita 5 ko fiye, a gauraya da ɓaraguzan murjani da ƙananan ƙoƙuna don ya samu abin gini. Ka sake shi daidai bakin ramin gobin da fitila a kashe. In kana da murjani mai rai a ƙasa ka ɗaga shi sama, don zai binne shi. Kuma in akwai kifi mai cin jatan lande a tankin, irin su tiriga ko kifi mai kumbura, to ka bar maganar gaba ɗaya.

A gurguje

Mai tambaya daga Yamai ya ce famfo ya ja kifinsa ɗaya ya ji masa rauni, sai duk sauran suka ɓuya har washegari. Malam, sun ji ƙanshin abin ne. Tun 1938 Karl von Frisch, masanin nan ɗan Ostiriya, ya gano cewa fatar kifi in ta yage tana sakin wani sinadari a ruwa da ke firgita 'yan'uwansa. A kifin rafi ya gano shi, daga baya aka tarar da irin haka a kifayen murjani, har da damsel. Ka ware mai raunin, ka canja kashi ɗaya cikin biyar na ruwan, ka sa sabon gawayin tace ruwa, ka rufe bakin famfon da soso.

Wata baiwar Allah daga Kano kuma ta ce kifinta tang rawaya yana sukar duk sabon kifin da ta kawo da ƙayar gindin wutsiyarsa, ta ji an ce a manna madubi. Malama, ki manna a jikin gilashi ta waje, zai shagala da faɗa da hotonsa, baƙon ya samu ya kama wuri. Amma ki cire bayan kwana biyu ko uku, kada ya gajiyar da kansa. Abin da ya fi madubi shi ne akwatin roba mai huji-huji wanda ake gani ta cikinsa: ki rataye shi a cikin tankin, baƙon ya yi kwanaki a ciki yana cin abincinsa, tang ya yi ta zagaye har ya gaji da kallonsa. Ranar da kika ga ya wuce akwatin bai ko juyo ba, ki buɗe da daddare bayan an kashe fitila.